Gawa Mai Numfashi

A Georgetown na taɓa zama sarki.
Kambina na kwali ne, alkyabbata labulen ɗakin Anti Verna,
amma in na ɗaga hannu a dandali
har mai gyaɗar bakin ƙofa takan yi tsit.

Yau shekarata ashirin da uku a Landan.
Ran farko aka ce, "Daga ina?" Na ce Guyana.
"Oho, Ghana!" Na ce a'a, Guyana,
can inda teku ya fi gari tudu,
muka gina masa katanga, muka ce tsaya nan.
Matar ta rubuta Jamaika a takardarta.
Na ƙyale ta. Aikin nake so.

Sau tara na fito direban tasi.
Sau huɗu mai gadi,
in tuɓe rigar wasa in sa ta gaske,
in kwana gadin rumbun kaya a Croydon
ina zuba wa akwatuna zancen sarakuna.
Akwati ba ya tafi,
amma fa ba ya tashi ya fita ana tsakiyar wasa.

Wani darakta ya ce harshena ya cika nauyi.
Na kai shi gun wata malama, fam talatin duk awa,
ta kankare shi kamar gindin tukunya.
Da ya yi fes, wani kuma ya ce,
"Ba ka da muryar nan ta 'yan tsibiri?"
Ƙasata ba tsibiri ba ce.
Na haɗiye, na aro abin da na zubar, na biya haya.

Maƙwabciyata Drupattie ta fi ni sanin wannan hanya.
Asabar tana rera waƙar biki a Southall, zinariya har gwiwar hannu,
Litinin tana juya tsofaffi a kan gado.
Takan ce, "Compton, duk masu sauraro ne,
waɗannan dai ba sa neman ragi."

Sai bara aka ba ni gawa.
Fim ɗin asibiti, daƙiƙa goma sha ɗaya,
farin ƙyalle zuwa wuya, takarda ɗaure a yatsan ƙafa.
Ba kalma ko ɗaya. Ba wanda ya ce harshena ya yi nauyi.

A Buxton, Mama ta tara unguwa.
Ta dafa nama da baƙin ruwan rogo tun jajibiri,
aka aro janareta don kar a ɗauke wuta,
Fasto ma ya zo da kujerarsa.

Ƙarfe uku na dare wayata ta yi ƙara a ɗakin gadi.
Ina jin kwaɗi a bayanta, da ruwa a kan kwano.
Ta ce, "Mun gan ka. Ka yi ƙiba.
Amma ɗan nan, ka yi numfashi.
Ƙyallen ya motsa sau biyu."
Na ce Mama, ba wanda ya lura.
Ta ce, "Ni na lura.
Shekarar da tarin shiƙa ya kama ka,
kwana goma sha tara na yi zaune
ina kallon wannan ƙirjin ko zai ɗaga.
Bature ne zai koya mini?"

Ta yi shiru. Kati na ta cin kuɗi.
Sai ta ce, "Kar ka sake karɓar irin wannan.
In ba sarki, ka yi tasin."

Gobe ina da gwaji ƙarfe goma.
Alƙali ne, layi biyu.
Na goge takalmi, na aro taye wurin mijin Drupattie,
kuma tun ɗazu nake gaya wa akwatuna
su miƙe, kotu za ta zauna.